Yadda za ka zaga tsohon garin Lübeck a yini ɗaya

In kana Hamburg ko kusa da nan kuma ka samu yini guda ba aiki, don Allah ka hau jirgin ƙasa ka je Lübeck, tafiyar kamar minti 45 ce daga babbar tasha, kuma in kana da Deutschlandticket, wato tikitin wata na sufurin jama'a a Jamus, tana aiki a jirgin. Kar ka zaɓi Litinin, yawancin gidajen tarihi a rufe suke, Lahadi kuma shaguna ne ba sa buɗewa. Ka sa takalmi mara tsini mai daɗin tafiya don titunan duk duwatsu ne aka jera, ka riƙe lema ko rigar ruwa, arewacin Jamus ruwa ba ya sallama kafin ya sauko.

Daga tasha ba ka buƙatar mota ko bas. Ka taka kamar minti goma za ka ga Holstentor, babbar ƙofar gari mai hasumiya biyu ta jan bulo, an gama ta a 1478, in ka lura ta ɗan karkace saboda ƙasar wajen mai laushi ce. Nan kowa ke ɗaukar hoto, kai ma ka ɗauka, amma kar ka daɗe. Ka duba gefenta bakin kogin Trave, tsofaffin rumbunan gishiri ne a jere, gishirin daga Lüneburg ake kawo shi a loda a jiragen ruwa zuwa ƙasashen tekun Baltik inda ake adana kifi da shi, kamar dai yadda ayarin Bilma ke kawo gishiri ƙasar Hausa. Da irin wannan fatauci garin ya yi arziki har ya zama uwa a ƙungiyar biranen 'yan kasuwa da ake kira Hansa.

Kana haye gada ka shiga tsohon garin, tsibiri ne ruwa ya kewaye shi, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987. Shawarata ka fara da cocin St. Petri, akwai lif da zai kai ka sama mita 50, daga can za ka ga duk garin da sauran hasumiyoyinsa, bakwai ne gaba ɗaya na coci biyar, sai ka gane inda ka dosa tun kafin ka sauko.

Daga nan sai filin kasuwa da Rathaus, wato ginin hukumar gari, sannan cocin Marienkirche a bayansa. Ka biya 'yan kuɗin shiga, wallahi ya cancanta. Rufin ciki ya haura mita 38 kuma duk da bulo aka yi shi. A can ƙarshe ƙarƙashin hasumiya akwai ƙararrawa biyu a farfashe a ƙasa, sun faɗo ne lokacin da jiragen Ingila suka yi wa garin ruwan bama-bamai a watan Maris 1942, aka bar su inda suka faɗa har yau don kar a manta.

To yanzu ga abin da na fi so ka ba lokaci, lungunan da suke kira Gänge. Da garin ya cika, tsibiri ne ba filin faɗaɗawa, sai aka riƙa gina ƙananan ɗakuna a bayan manyan gidajen attajirai don leburori da masu aikin jirgi da sauran talakawa, hanyar shiga kuwa wani ɗan rami ne a jikin bango wanda wani wajen sai ka sunkuya. Mutane da yawa suna wuce su ba su ma san akwai ba. Ka bi Glockengießerstraße a hankali kana duba gefe da gefe, ka shiga Füchtingshof, tsakar gida ce da wani attajiri ya bar wasiyya aka gina wa matan da mazajensu suka rasu, tun 1639, sai kuma titin Engelsgrube shi ma lunguna ne birjik. Amma fa gidajen mutane ne, suna ciki har yanzu, kar ka ɗaga murya, kar ka leƙa taga, in ka ga an rufe ƙofa ka wuce.

Kusa da nan akwai Heiligen-Geist-Hospital, tsohon gidan kula da marasa lafiya da tsofaffi na 1286, ka shiga ka ga 'yan ɗakunan katako da tsofaffi suka zauna ciki har zuwa 1970. In da sauran ƙarfi ka ƙarasa Hansemuseum, gidan tarihin Hansa, wajen ƙofar arewa, amma shi kaɗai zai iya cin awa biyu.

Batun ci, Fischbrötchen, burodi da kifi a ciki, shi ne mafi sauƙi ga mai gudun naman alade. Tsaraba kuwa marzipan, alawar almon da sukari, shagon Niederegger yana fuskantar Rathaus, kamfanin tun 1806 yake. Ka karanta bayan kwali sosai don wasu ana zuba musu giya, in ka ga Alkohol ko Rum ka ajiye ka ɗauki wani, kuma Rotspon da za ka gani ko'ina a shagunan tsaraba jan giya ne. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan a aljihu, ba kowane ƙaramin shago ke karɓar kati ba.