Idan aiki ya kai ka Elm, wa ke riƙe da garin?

Elm ƙauye ne da ke can ƙuryar kwarin Sernf, a jihar Glarus ta ƙasar Suwizalan. Idan aikin otel ko na wurin wasan ƙanƙara ya kai ka, kada ka ɓata lokaci neman hukumar garin, domin tun 1 ga Janairu 2011 Elm ba ta da hukumar kanta. An haɗe ta da garuruwa 12, irin su Matt, Engi, Schwanden da Linthal, suka zama ƙaramar hukuma guda mai suna Glarus Süd. Sunan da za ka riƙa gani a takardun haraji ke nan. Amma a bakin mutanen gari, har gobe su 'yan Elm ne, kuma gara ka kira su da hakan.

Yadda aka yi haɗewar ma abin a ji ne. A Glarus, duk ranar Lahadin farko ta watan Mayu masu zaɓe kan taru a wani fili a babban birnin jihar, su ɗaga hannu su yanke doka, ba akwati ba rumfa. Ana kiran taron Landsgemeinde. A 2006 gwamnati ta kawo shawarar a rage ƙananan hukumomi 25 su koma 10. Sai wani ɗan ƙasa ya hau mumbari ya ce me zai hana su koma 3, jama'a kuwa suka bi shi. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba suka sa aka kira taro na musamman a Nuwamba 2007, aka sake ɗaga hannu, hukuncin bai canja ba. Kai baƙo ba ka da ƙuri'a a wurin, amma ka je ka yi kallo ko sau ɗaya ne; a nan za ka gane me ya sa dattijon ƙauye yake magana kan kuɗin gyaran hanya kamar daga aljihunsa za a cire.

Kafin haɗewar, a ƙauye ɗaya akan sami hukumomi da dama: ta mazauna, ta makaranta, ta taimakon marasa ƙarfi, da kuma Tagwen, wato ƙungiyar 'yan asalin gari da ke kula da daji da makiyayar kan dutse. Tushenta aikin da kowane gida ke bai wa gari ne, kusan irin gayyar da muka sani. Tagwen ta narke cikin sabuwar hukuma, amma ɗabi'ar tana nan: ana lura da wanda ke fitowa aikin jama'a da wanda ke kulle ƙofarsa. Kuma mutane ne da suka ga masifa tare. A 11 ga Satumba 1881 dutse ya rufto wa wani ɓangare na Elm saboda haƙar allon dutse da ake yi a gindinsa, ya kashe mutum fiye da 110. Idan ka ga an kafa alamar rufe hanya saboda zaftarewar ƙanƙara, ba ado ba ne.

Sauran kuwa a taƙaice. Ka yi rajista a ofishin rajistar mazauna na Glarus Süd cikin kwana 14 da isowarka, kuma kafin ka fara aiki. Inshorar lafiya dole ce, kana da wata 3. Shara ba a zuba ta a kowace leda, akwai jaka ta musamman da ake saya a kanti. Ranar Lahadi a rage hayaniya. Wanda ka haɗu da shi a hanya ka ce masa "Grüezi", wato gaisuwarsu, ko ba ka san shi ba. Wannan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba.

In kana da niyyar daɗewa, ka sani neman zama ɗan ƙasa sai ka yi shekara 10 a ƙasar kuma kana da takardar zaman dindindin, kuma ƙaramar hukuma tana da ta cewa a ciki, ba gwamnatin tarayya da ke Bern kaɗai ba. Don haka ka shiga wata ƙungiyar gari tun da wuri, ta motsa jiki ko 'yan kwana-kwana na sa kai. Jirgin ƙasa kuwa ya daina zuwa Elm tun 1969. Bas ake shiga daga Schwanden, sai ka duba lokacin ta ƙarshe kafin ka sauka gari cefane.