Yadda ake fasa iskar metan a samu haidirojin da garin kabon

Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin gwajinmu don koyon fasa iskar metan, wato babban sinadarin da ke cikin iskar gas, kafin ya taɓa komai nakan miƙa masa takarda ya yi lissafi guda. Kowace ƙwayar metan tana ɗauke da kabon ɗaya da haidirojin huɗu. Idan aka gasa ta a inda babu oksijin ko kaɗan, sai ta rabu: haidirojin ya tashi, kabon ya zube gari baƙi wuluk. Cikin kilo 4 na metan, kilo 1 kacal ne haidirojin, sauran kilo 3 kabon ne. Ka ga ke nan abin da ba shi ka fito nema ba shi ne zai cika maka hannu, kuma shi zai tsayar maka da aiki idan ba ka yi masa tanadi tun farko ba.

Ina ƙaunar wannan hanya saboda dalili mai sauƙi. Tsohuwar hanya, ta haɗa metan da tururi, tana sakin kimanin kilo 9 zuwa 10 na kabon dayoksaid, iskar da ke ɗumama duniya, a kan kowane kilo na haidirojin. A nan kuwa kabon ɗin yana fitowa ne a abin da za ka iya zubawa a buhu. Kuma a lissafin takarda, makamashin da ake bukata bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na abin da raba ruwa da lantarki don samun haidirojin ke ci ba.

Fara da tsabtace gas ɗin. Iskar gas takan zo da ɗan farar wuta, ita kuwa tana kashe nikel, ƙarfen da ake sawa don hanzarta aikin, nan take, don haka a fara bi da ita ta cikin zinki oksaid. Daga nan ka kori duk iskar da ke cikin bututu da naitirojin, ka gwada kowace mahaɗa ko tana yoyo. Kada ka yi wa wannan gaggawa. Haidirojin yana kama wuta daga kashi 4 har zuwa kashi 75 cikin ɗari a cikin iska, harshen wutarsa kuma da kyar ake ganinsa da rana.

Sai zaɓen zafi, kuma nan ne ake shan wuya. Idan babu wani sinadari mai hanzarta aikin, metan ba ta fashewa sosai sai zafi ya haura digiri 1000 a ma'aunin Salshiyas. Da nikel, digiri 500 zuwa 700 ya isa. Da baƙin ƙarfe, 700 zuwa 900. Da nikel na fara, don ya fi sauƙin zafi. Awannin farko komai na tafiya daidai, sai haidirojin ya soma raguwa, allurar ma'aunin matsi tana hawa a hankali. Da muka bar tanderun ya huce muka buɗe, kabon ya lulluɓe nikel ɗin kaf, bututun ya toshe kamar an danna masa gawayi. Za ka iya ƙone kabon ɗin don nikel ya farfaɗo, amma ka dawo da kabon dayoksaid ɗin da kake gudu. Tun ranar na rataya doka a bakin tanderun: matsi ya fara hawa, a rufe metan, a buɗe naitirojin, sannan a yi magana.

Shi ya sa zuciyata ta fi kwantawa da narkakken ƙarfe. Ana cika dogon bututu da narkakkiyar kuza, a tura metan daga ƙasa ta fito ƙananan kumfa. Kumfar na hawa tana fashewa, kabon kuma, da yake ya fi ƙarfen sauƙi, sai ya taso ya kwanta a sama kamar ƙura, a kwashe. Masu bincike a Karlsruhe ta Jamus sun fasa kashi 78 cikin ɗari na metan da kuza a zafin da ya kusa digiri 1200. A 2017, a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, narkakken haɗin nikel da wani ƙarfe mai suna bismut ya fasa kashi 95 a digiri 1065. Sirrin yana ga ƙanƙantar kumfa da tsawon bututu: gwargwadon jimawar gas a cikin zafi, gwargwadon fashewarsa. Kada kuma ka ɗaga matsi da yawa, domin ƙwayar metan ɗaya ce ke zama ƙwayar haidirojin biyu, matsi yana mayar da aikin baya.

Abin da ya fito daga saman bututu ba tsantsar haidirojin ba ne. A sanyaya shi, a tace ƙurar kabon, a raba haidirojin da ragowar metan, ragowar kuma a mayar da ita ciki. Kada a sake ta a iska ko kaɗan, don metan ta fi kabon dayoksaid ɗumama duniya nesa ba kusa ba. Haka nan idan da wutar kwal kake zafafa tanderun, tsabtar da kake taƙama da ita ta ragu ƙwarai.

Yanzu garin da ke hannunka. Irinsa ya danganta da hanyar da ka bi. Kamfanin Monolith a Nebraska ta Amurka yana amfani da tartsatsin lantarki mai tsananin zafi, yana samun baƙin kabon irin na yin taya. Hazer a Ostireliya da tama yake aiki, yana samun girafait, wato kabon irin na bakin fensir. Naka kuwa, in daga narkakken ƙarfe ya fito, zai zo da ɓurɓushin kuza ko nikel, sai an wanke shi kafin wani ya saya. Auna shi bayan kowane gwaji ka kwatanta da metan ɗin da ka tura. In nauyin bai cika ba, wani kabon ya maƙale a bangon bututu. Sa takunkumi da safar hannu lokacin kwashewa, domin garin yakan zo da kwalta mai cutarwa, ka zuba shi a kwalba mai murfi, ka rubuta zafin da aka yi shi da kwanan wata a jikinta.