Yadda Ake Ɗinka Labulen Taga da Tsohon Zani

Falle biyu na atamfa sun isa tagar da faɗinta bai wuce ƙafa 4 ba. Kowane falle yadi 2 ne, faɗinsa wajen inci 46. Ana so faɗin ƙyallen ya kusa ninka na tagar, in ba haka ba labulen ba zai yi tattara ba, sai ya zama kamar an shanya wanki.

A fara wanke shi a goge, domin auduga tana tsukewa. A naɗe sama inci 4 a ɗinke, nan sanda za ta shiga. Ƙasa kuma inci 3. Bututun roba na wayarin ya isa sanda, amma idan ya wuce ƙafa 4 sai an ƙara ƙusa a tsakiya, don yana lanƙwashewa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne rashin shafi. Ranar Kaduna a watan Maris ba ta da wasa, nan da nan za ta kashe launin atamfa, musamman a tagar da ke kallon yamma. A ɗinka farin zanen gado ta baya. Na gwanjo a Kasuwar Barci ya wadatar, a dai ɗaga shi a haske a duba ko ya sale. Shafin ya gaza atamfar da inci 1, kada ya leƙo ta ƙasa.

Iskar hunturu tana ɗaga labule mara nauyi. A cusa washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda da ake sa wa noti, uku ko huɗu cikin naɗin ƙasa, a cire su kafin wanki saboda tsatsa. Leshi kam ado ne kawai, da an kunna fitila ana hango ɗaki daga waje.