Yadda Ake Gwada Littafi Kafin a Zaɓa: Na Ƙananan Yara da Na Manya

Yawancin littattafan da ke kwance suna shan ƙura ba munana ba ne, hannun da bai dace ba suka faɗa. A miƙa wa ɗan shekara uku littafin da aka rubuta don ɗan shekara bakwai, ya yi wurgi da shi, sai a ce yaron ba ya son karatu. Babba kuma ya sayi littafi don sunansa ya burge shi, ya kai shafi na 20 ya ajiye, ya ɗora wa kansa laifin lalaci. Ana iya kauce wa duka biyun da gwajin da bai wuce minti goma ba, kafin a biya kuɗi ko a ɗauko aro.

Na jarirai: a fara da jikin littafin

Kafin yaro ya cika shekara biyu, da hannu da baki yake hulɗa da littafi, don haka jikin littafin ake fara dubawa. Jariri sabon haihuwa ba ya ganin abu sosai sai wanda ke tazarar santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, kuma bambancin baƙi da fari ya fi fito masa a kan launuka masu laushi. Ku nemi mai manyan siffofi da fuskoki. Abin da aka rubuta ba shi da wani nauyi a wannan lokaci, muryar mai karantawa ce yaron yake bi. Tun 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take ba iyaye shawarar su fara karanta wa yaro tun daga haihuwa.

Daga wata shida, duk abin da ya kama baki zai kai. A nan sai littafi mai shafukan kwali mai kauri, ko na yadi, ko na roba, wanda kusurwoyinsa ba su da tsini. Ku ja duk abin da aka liƙa a jiki, ido ne na roba ko maɓalli ko ƙyalle. In ya motsa a hannunku, to zai fita a bakin yaro. Littattafai masu yin sauti suna ɗauke da ƙaramin batir mai faɗi, wanda in aka haɗiye shi zai iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Idan ba a ɗaure murfin batirin da noti ba, a bar littafin. Abu ɗaya a shafi ɗaya, da sunansa a ƙasa, ya wadatar.

Shekara biyu zuwa biyar

Nan ne zaɓi ya fi wuya, nan ne kuma ya fi amfani. Littafin hoto na wannan shekaru yawanci shafi 32 ne, saboda maɗaba'a babbar takarda take bugawa ta ninke ta zuwa shafi 8 ko 16. Kalmominsa ba su cika kai dubu ba, ana gama karanta shi da murya cikin minti biyar zuwa goma. Wanda ya zarce haka sosai ya fi ƙarfin zaman ɗan shekara uku.

Gwajin farko shi ne ku rufe rubutun da tafin hannu, ku bi hotunan kaɗai. Kun gane wanda ake ba da labarinsa, da abin da ya same shi? Yaron da bai iya karatu ba hoto yake karantawa. Mai zane nagari yakan saka abin da marubuci bai faɗa ba: rubutu ya ce kare ya ɓace, ga jelarsa kuwa tana leƙowa daga ƙarƙashin gado. Yaro ya riga babba gani, ya yi ihu yana nunawa, kuma wannan daɗin ne zai sa gobe ya sake ɗauko littafin da kansa.

Na biyu, ku karanta shafi biyu a bayyane, ko da ƙasa-ƙasa ne. Inda harshe ya harɗe ko numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare, to haka zai riƙa faruwa kowane dare. Littafin da aka fassara aka kasa daidaita shi a nan yake tona kansa. Wanda aka yi da waƙa kuma, a saurari amsa-amonsa da karinsa. In an tilasta wa kalma shiga don kawai ta yi daidai da ta sama, kunne zai ji.

Ku nemi jimlar da ke dawowa a kai a kai, irin wadda yaro zai haddace ya riƙa ƙarasawa kafin ku kai. Ku duba kuma ko ƙarshen shafi yana sa a ƙosa a ga na gaba. Matsalar labarin ta bayyana a shafi uku ko huɗu na farko, kuma ya fi kyau yaron cikin labarin ne zai warware ta da dabararsa, ba wani babba ya faɗo ya gyara komai ba.

Akwai littattafan da darasi ne tsurarsa aka yafa masa mayafin labari: yaro ya ƙi wanke hannu, ya yi ciwo, ya tuba, shi ke nan. Iyaye suna son su, yara kuwa sau ɗaya suke saurara. Ba a ce kada labari ya koyar da hali ba, amma in babu dariya, babu mamaki, babu abin da zai sa gaba ya faɗi kaɗan, darasin ma ba zai zauna ba. A ɗaya gefen, a karanta ƙarshen kowane littafi kafin a kai shi gida. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu bai gama raba gaskiya da ƙirƙira ba, dodon da ba a kore shi a shafin ƙarshe ba zai bi shi har shimfiɗa.

Tun da za a nemi ku maimaita littafin har ku gaji, ku zaɓi wanda ku ma za ku iya jurewa. Maimaicin ba ɓata lokaci ba ne. A wani bincike da aka yi a jami'ar Sussex ta Ingila a 2011, yara 'yan shekara uku da aka maimaita musu labari ɗaya sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka karanta wa labarai daban-daban masu ɗauke da kalmomin. Littafi biyar da ake so sun fi hamsin da aka jera.

Idan ya fara karatu da kansa

Malamai suna da wata hanya mai sauƙi ta yatsu biyar. A buɗe tsakiyar littafi, shafi mai kalma wajen ɗari, yaro ya karanta a bayyane. Duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa ɗaya. Babu ko ɗaya, ko guda ɗaya: mai sauƙi ne, ya dace da karatun hutu. Biyu ko uku: daidai shi. Biyar: ya yi masa tsauri a yanzu. Dalili shi ne mai karatu yana buƙatar sanin aƙalla kashi 95 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ma'ana ta haɗu; ƙasa da haka, duk ƙarfinsa a kan haɗa baƙaƙe yake ƙarewa, labarin ya kuɓuce masa.

Wanda ya yi tsaurin ba jefarwa za a yi ba, ku za ku karanta masa. Fahimtar kunne tana gaba da ta ido shekaru da dama, saboda haka yaro yana buƙatar littafi iri biyu a lokaci guda: mai sauƙi da zai karanta da kansa, da mai zurfi da za a karanta masa. Iyaye da yawa suna daina karanta wa yaro da zarar ya iya haɗa baƙi, alhali a lokacin ne ya fi buƙatar jin yadda doguwar jimla take tafiya.

A duba girman haruffa da tazarar layi. Shafin da ya cika maƙil babu hoto yana karya gwiwa tun kafin a fara. Littattafai masu jerin kashi-kashi da tauraro ɗaya suna taimakawa, domin yaro ya riga ya san mutanen ciki. Wajen zaɓi kuma, ku tace guda uku da kuka yarda da su, shi ya ɗauki ɗaya. In littafin motoci ko na macizai ya ɗauka maimakon labari, karatu ne. Abin da ke kashe sha'awa shi ne a mayar da kowane shafi jarrabawa, ko a ce je ka ɗauki littafi a matsayin horo. Yaron da ya daɗe yana fama duk da an sauƙaƙa masa, yana tsallake layi ko yana kai littafi dab da ido, a gwada idonsa da kunnensa, a kuma yi magana da malaminsa.

Na manya: a fara da matsalar

Kafin ka nemi littafin gyara kai, rubuta abin da ke damunka a jimla ɗaya. "Ina so in ci gaba" ba matsala ba ce, buri ne, kuma kowane littafi zai ce shi ne maganinsa. "Ina kasa gama aikin da na fara" ko "Ina rikicewa idan zan yi magana a gaban jama'a" su ne za su tace maka littafi ɗari su bar uku.

Littattafan nan iri uku ne a dunƙule: mai koyar da yadda ake yin abu, mai bayyana dalilin da ya sa abu yake faruwa, da mai zaburarwa. Na ukun ya fi daɗin karatu, ya fi kuma saurin hucewa. Wanda ya tara irinsu goma a jere yana jin kamar yana motsi, alhali ɗumin kawai yake saye.

Gwajin ga yadda yake. Juya bayan shafin suna ka ga shekarar bugu da ko an sabunta shi. Littafi a kan haƙuri ko iya zama da mutane ba ya tsufa da wuri, amma na kuɗi, lafiya, doka ko fasahar zamani yana iya zama kuskure bayan 'yan shekaru, kuma dokar haraji ko ta zuba jari ta ƙasar marubucin ba lalle ta zama ta ƙasarka ba. Daga nan karanta jerin babi-babi. In sunayensu duk abu ɗaya suke faɗa da kalmomi daban, to tunani ɗaya ne aka ja shi shafi 250. Sai ka tsallake gabatarwa da babin farko, domin nan marubuci da edita suka fi gogewa, ka buɗe wani babi a tsakiya ka karanta shafi uku. Tambayi kanka: akwai abin da zan iya aikatawa gobe, ko wani abu da ban sani ba? A ƙarshe leƙa manazarta. Wanda yake ta cewa "bincike ya nuna" bai faɗi wane bincike ba, a yi taka-tsantsan da maganarsa.

Marubucin ma a duba shi. Ya yi aikin, ko ya nazarce shi, ko kuwa sana'arsa ita ce sayar da littafin yadda ake nasara? Akwai wani tarko da ya cika irin waɗannan littattafai: a tattaro attajirai goma, a ga duk suna tashi da asuba ko duk sun bar makaranta, a ce ga sirrin. Dubban da suka yi hakan suka talauce babu mai rubuta labarinsu. Littafin kirki yana faɗin inda shawararsa ba ta aiki, da wanda ba ta dace da shi ba. Wanda ya yi alkawarin sauya rayuwa cikin kwana bakwai kuwa, alkawarin nasa ya isa shaidar a guje shi. In za ka duba ra'ayin masu karatu a intanet, na waɗanda suka ba da maki matsakaici ya fi amfani, su ne suke faɗin kyau da aibi tare.

Ka lissafa lokacinka. Babba mai karatu a zuci yana yin kalma wajen 240 a minti, bisa ƙiyasin da aka yi da Ingilishi. A harshen da ba na uwa ba ya kan gaza haka. Littafi mai shafi 250, kalma 300 a shafi, awa biyar ne da ɗoriya, wato wajen mako biyu in kana ba shi minti 20 kullum. Ba shi damar shafi 50 na farko. In bai kama ka ba, tantance dalili: mai wuya ne ko fanko ne? Mai wuya yana sa ka tsaya ka yi tunani, wannan a rage gudu, ko a nemi na masu farawa a fannin tukuna. Fanko yana sa ka tsallake sakin layi ba ka rasa komai ba, wannan a ajiye ba tare da jin nauyi ba.

Kada a taƙaita gyaran kai ga littattafan da aka rubuta wa sunan. Tarihin rayuwar mutum wanda ya faɗi kurakuransa, ko ƙagaggen labari mai shiga zukatan mutane, sau da yawa sun fi koyar da sanin hali a kan jerin ƙa'idoji goma. Wanda kuma damuwa ta hana shi barci da cin abinci makonni, littafi zai iya raka shi, amma likita zai gani.

Domin abin da aka karanta ya zauna, ja layi a ƙarƙashin jimla ba ya isa. A ƙarshen kowane babi rufe littafin, rubuta layi uku daga ƙwaƙwalwa, sannan ka buɗe ka ga abin da ka manta. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2006 ya nuna cewa bayan mako ɗaya, ɗaliban da suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatun riƙewa. Ƙarƙashin layukan ukun sai ka ƙara abu ɗaya tak da za ka gwada a makon, da ranar da za ka duba ko ya yi aiki, kafin ka wuce babi na gaba.