Yadda za ka ziyarci mutum-mutumin Ummu Kulsum in ka je Alƙahira

In Allah ya kai ka Alƙahira, ko karatu ko asibiti ko sarin kaya, ka ware wuni guda ka bi sawun Ummu Kulsum, mawakiyar nan da Misirawa ke ce wa Kaukabus Sharƙ, wato Tauraruwar Gabas, wasu ma "As-Sit" kawai suke cewa kuma kowa ya san wa ake nufi. Ta rasu tun Fabrairun 1975 amma har yau direban tasi zai kunna ta yana kaɗa kai cikin go-slow.

Ka fara da unguwar Zamalek. Mutum-mutuminta na bakin titin Abul Fida gefen kogin Nilu, kusa da inda gidanta yake a da, gidan dai an rushe shi bayan rasuwarta aka gina otal mai sunanta a wurin, wanda ni a ganina ɓarna ce babba amma aikin gama ya gama. In Uber ka kira ka sa sunan otal ɗin, in kuma jirgin ƙasan metro ne ka hau layi na 3 ka sauka tashar Safa Hijazi ka taka. Safiyar Juma'a kafin masallaci ta fi, titi ba cunkoso. Wajen hoto kuma ka kula don Allah, Zamalek cike take da ofisoshin jakadanci, kar ka juya waya wajen 'yan sanda ko ginin da ake gadi, su ba sa wasa da wannan.

Kar ka tsaya nan ka ce ka gama, mutum-mutumin kaɗai minti biyar ya ishe ka. Ka wuce tsibirin Rauda, can ƙarshensa ta kudu a harabar fadar Manasterli akwai gidan tarihinta da aka buɗe a 2001, nan ne za ka ga rigunanta da baƙin tabaran nan da hankicin da take riƙewa in tana waƙa da lambobin yabo, sannan a gefe ga ma'aunin ruwan Nilu na shekarar 861, jifa ɗaya tsuntsu biyu kenan. Ka riƙe 'yan canji na fam ɗin Masar, tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, in kana da katin ɗalibi ka nuna.

Na san wani zai ce to ƙasar Azhar da mutum-mutumi a titi? E haka garin yake, ka ga na marubuta da shugabanni ma a shataletale, kai dai kallo ka je yi. Ita ɗin ma 'yar limamin ƙauye ce daga yankin Daƙahliyya, da karatun Alƙur'ani ta fara, babanta har kayan maza yake sa mata in za su fita waƙen yabo.

Da daddare ka sami gidan shayi a tsakiyar gari inda ake sa faifanta, ka ce a ba ka shayi da na'ana, kuma ka je da lokaci don waƙa ɗaya sai ta kusa cin awa. In akwai dattijo kusa tambaye shi Alhamis ɗin farkon wata da take waƙa a rediyo, shi zai ba ka sauran labarin.