Yadda Ƙungiyar Mata Masu Sana'ar Hannu Za Ta Kafu Ta Bunƙasa a Karkarar Bauchi

Da wuya a shiga ƙauye a yankin Misau, Ningi ko Alkaleri ba a tarar da matar da ta iya saƙar faifai, tabarma ko ɗinkin hula ba. Gwaninta tana nan tun kaka da kakanni. Abin da ke hana ta zama arziki shi ne kowace mace tana aiki ita kaɗai, tana sayen kaba a tsadar sayen ɗai-ɗai, sannan ta miƙa wa dillaliya kayanta a duk farashin da aka taya, domin cefanen ranar ba ya jira. Ƙungiya ce maganin wannan, amma wadda ta tsaya da kuɗinta da lissafinta, ba wadda aka kafa don jiran tallafi ba.

A fara da mata kaɗan, kamar goma sha biyar zuwa ashirin da biyar, waɗanda suka san halin juna. Kafin zama na farko ya kamata dattijuwa biyu su je su gai da mai unguwa ko dagaci su bayyana masa manufa, kowace mace kuma ta nemi amincewar maigidanta, saboda taron da aka fara a ɓoye ba ya daɗewa. A zaɓi shugaba, ma'aji da magatakarda. Idan babu wadda ta yi boko a cikinsu, wadda ta iya ajami ta isa ta riƙe littafi.

Batun kuɗi shi ne inda ƙungiyoyi suka fi rushewa, don haka a nan ya kamata a fi natsuwa. Adashi kowa ta san shi, sai dai kwasa ɗaya ce, ba ya tara jari na kowa da kowa. Tsarin da ya fi dacewa shi ne na asusun akwati, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da matan Maraɗi a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, daga baya ya bazu a ƙasashe da dama. Ana samun akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mata uku daban-daban su riƙe makullan, ta huɗu ta ajiye akwatin a ɗakinta. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kowane mako a yi zubi, a ƙirga kuɗin a kan tabarma da babbar murya, a rubuta, a sake faɗin jimillar kafin a rufe. Ina ganin wannan ƙirga a bainar jama'a ta fi kowace doka da za a rubuta muhimmanci, domin zargi ba ya samun wurin shiga. A wannan tsari ana ba mambobi rance daga akwatin su biya da ɗan ƙari, amma inda mambobi ke ƙyamar kuɗin ruwa, ƙungiya ta sayo kayan aiki a sari ta sayar wa mambobinta da 'yar riba da aka amince da ita tun farko. Bayan shekara a raba abin da aka tara gwargwadon zubin kowa.

Sai ingancin kaya. Mai saye daga birni da ya nemi faifai hamsin yana son su zo da faɗi ɗaya da launi ɗaya. A zaɓi faifai mafi kyau a rataye shi a matsayin abin koyi, a yanka sanda daidai faɗinsa, kowace masaƙiya ta auna nata da ita. Wanda ya taɓa zama kusa da gwanar saƙa ya ga yadda take jiƙa kaba har ta yi laushi, ta tsaga ta siri-siri, ta huda da basilla ta ja ta matse ciyawar da ke ciki har ba a ganin ta. Irin wannan mace ita za a ɗora wa duba kayan kowa, kuma abin da ya yi sako-sako ko galurarsa ke zuba a mayar wa mai shi cikin mutunci ta gyara. A kuma lura da yankan kaba, domin kaba ƙaramar goruba ce, idan aka yi ta aske ta ba hutu, nan gaba sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu.

Wajen sa farashi, yawancin mata suna lissafa kuɗin kaba da galura ne kawai, su manta da kwanakin da suka yi a zaune. Dole a haɗa kuɗin kaya, ladan aiki, kuɗin mota da kason asusu, a tsayar da farashi ɗaya, kada wata ta karya shi a bayan fage. A tara kaya tun da rani lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, a fitar da su bayan kaka da gabanin Sallah, sa'ad da bukukuwan aure ke yawaita ana haɗa kayan ɗaki. Bayan kasuwar mako ta kusa, a nemi mai shago amintacce a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a cikin Bauchi, a kuma tuntuɓi masu sayar wa baƙin gandun dajin Yankari kayan tsaraba. Wata budurwa mai waya za ta iya ɗaukar hotunan kayan da hasken safe ta tura ta WhatsApp.

Idan an kammala zagaye ɗaya na zubi da rabo lafiya, lokacin rajista ya yi. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993 ta nemi aƙalla mutum goma, ana kuma yin rajistar ne ta ofishin gama-kai na jiha. Da takardar za a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, da ita kuma za a tunkari hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i ko Bankin Masana'antu don horo da rance. Kada a karɓi rancen da cinikin bara ba zai iya biya ba.

Tun daga zubin farko a ware wani ɗan kaso don amfanin gari, a ajiye shi a jaka daban cikin akwatin. Da shi za a ɗauki mota a kai mai naƙuda asibiti da dare, da shi za a gyara famfon burtsatse idan ya lalace. Abin da na fi so a sa a gaba shi ne littafi da kayan makaranta na 'ya'ya matan mambobi, domin da zarar ƙungiya ta samu mai sayen kaya a sari, babu sauran dalilin ɗora wa yarinya tallan faifai da safe alhali sa'o'inta suna aji.