Yadda ake bin sawun takardar mallakar ƙirƙira da ta ɓata a ofishin Amurka

Fara da tantance shekarar da aka ba da takardar, don ita ce za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

In kafin watan Yulin 1836 ne, akwai aiki. Gobarar 15 ga Disamba 1836 ta cinye ofishin da ke Washinton tare da takardu kusan 10,000 da aka bayar tun 1790. A 1837 majalisa ta yi dokar sake haɗa su daga kwafin da ke hannun masu su, amma kusan 2,800 kaɗai aka samo. Tun asali ba su da lamba, daga baya aka jera su aka liƙa musu harafin X. Kada ka manta da harafin nan wajen bincike: X72 ita ce ta injin gurzar auduga na Eli Whitney, 72 zalla kuwa ta wani ce daban. In ba ta fito ba, duba mujallar Cibiyar Franklin ta Filadelfiya, wadda ta fara fita a 1826, da takardun kotu idan an taɓa shari'a a kanta.

Daga 1836 zuwa 1975, nemi ta lamba ko kwanan wata ko rukunin fasaha. Bincike da suna yana yaudara, saboda na'ura ce ta karanta tsohon bugu, takan kuma dagula haruffa. Tsofaffin fayiloli suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, rukuni na 241, reshen Kansas City.

In kuwa fayil ɗinka ne USPTO, wato hukumar ba da takardar mallakar ƙirƙira ta Amurka, ta nema ta rasa, ƙa'idarta ta 1.251 ce ke aiki. Za a aiko maka da sanarwa, ka zaɓi ɗaya cikin uku: ka tura kwafin duk wasiƙun da kuka yi musaya da jerinsu da shaidar cewa sun cika, ko ka kai su a kwafa, ko ka rubuta cewa ba ka da komai. Wa'adin wata 3 ne ga buƙatar neman takardar mallaka da ba a yanke wa hukunci ba, ana iya tsawaita shi. Wata 6 ga takardar da aka riga aka bayar, shi babu ƙari. Mai buƙata da ya yi shiru, za a ɗauka ya janye.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne jerin. Sun adana abin da ofis ya aiko, ba su adana abin da suka aika ba. Kowace wasiƙa ka haɗa ta da rasit ɗinta, ka rubuta kwanan wata da lambar buƙata a sama, sannan ka ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ɗaya a takarda ɗaya a kwamfuta.